Wayoyi Uku a Ɗakin Jego

Tun cibiyar jaririya ba ta faɗi ba, Kulsumu na tsugune a banɗaki, Gwaggonta Saude na tsoma ganyen dogon yaro cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata a baya, sai waya ta ɗauki ruri daga ɗaki. Gwaggo ta ce a bar ta ta yi ta kuka, ai ba jinjira ba ce. Kafin ta rufe baki Hajiya, uwar mijin Kulsumu, ta iso da wayar a tafin hannu, ta miƙo ta ta saman zanen da aka yi labule da shi. Haka mai jego ta karɓa, jiki na tururi, tana gaya wa wani direba a Shinkafi shagon da zai je ya loda gero. Kafin direban ya gama surutunsa ruwan wanka ya huce.

Mijinta Hamisu sana'arsa haɗa kaya da mota. Duk falken da ke da hatsi ko albasa ko shanu a Shinkafi, Moriki ko Zurmi, in yana son motar da za ta sauke masa a Kaura ko ta wuce da shi kudu, lambar Hamisu yake nema. To amma shi kullum yana kan hanya, can kuwa sabis sai ya ga dama, yau akwai gobe babu. A nan Kauran Namoda ne sabis ɗin yake zaune daram. Sai gogan naku ya yi dabara, ya ajiye wayoyi uku a gida, ya raba lambobinsu ga direbobi da fatake, ya ce wa matarsa ta riƙa ɗan ɗaga masa in ba ya nan. Da “ɗan ɗaga mini” aka fara, har aka wayi gari ba ta da lokacin ci, ba ta da na barci, sallah ma a gurguje take sallamewa. Direbobin ko sunanta ba su sani ba, Ofis suke ce mata.

Haihuwar fari kowa ya san gida ake zuwa. Innarta ta aiko daga Moriki tun ciki ya tsufa, ta share ɗaki, ta tara itace. Hamisu ya ce shi ba zai jefa iyalinsa kan hanyar nan ba, kowa na jin abin da ’yan bindiga ke yi. Ba ƙarya ya yi ba, hanya ba lafiya. Sai dai shi mai faɗar, hanyar yake bi safe da yamma, kuma a motar da ya haɗa aka ɗauko Gwaggo Saude. Gwaggon ba yarinya ba ce, ta gane inda aka dosa. Bayan suna da ’yan kwanaki ta ɗaure kayanta, ta ce ita gashin mai jego ta zo yi, ba gadin waya ba. Ta tafi tana share ido da bakin gyale, wankan ma bai kai arba’in ba.

Jaririyar ta ci sunan Hajiya, ana kiranta Ummi. Ɗiyar fari ce kuma mai sunan suruka, don haka kunya biyu ta hau kan Kulsumu. Ba ta da damar ta ɗaga ta ta yi mata rawa a tsakar gida, ba ta da damar ta ce “ku ba ni ɗiyata” a gaban manya. Sai an miƙo mata ta karɓa, kai a sunkuye. In sun shige ɗaki su biyu ne take cusa hancinta a wuyan yarinyar ta shaƙi ƙamshinta har hawaye su zubo mata, don Allah Ya ɗora mata sonta kamar ta haɗiye ta. Sau tari ko zama ba ta gyara ba waya za ta yi kuka.

Ɗakin da ke fuskantar nata na faccalarta ne, Nazifa, matar Mubashir ƙanen Hamisu. Ita ma goyo take yi, ɗanta Fahad ya girmi Ummi da ’yan watanni. Iyayen Nazifa nan cikin Kaura suke, ta je ta yi wankanta cikakke, ta sha kunun kanwa da ƙauri, ta dawo tana sheƙi. Mijinta malamin firamare ne, ba shi da komai sai tsohon babur. Amma da an tashi daga makaranta zai dawo, ya kashe ’yar wayarsa ya jefa kan katifa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki yana fere wa matarsa rake. Matan unguwa Kulsumu suke yi wa kallon mai sa’a, mijinta ya sa mata sola da firji. Ita kuwa in ta leƙo ta labule, waya a kunne, ta ga Nazifa na tauna rake tana dariya da ɗa a cinya, sai ta saki labulen ta koma ciki. Kishi ne, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Da farko abin taimako ne. In waya ta shigo Ummi na kuka, direba ya ce ba ya ji, sai Hajiya ta shigo ta sunkuci yarinyar ta kai wa Nazifa ta jijjiga. Kulsumu har godiya take yi.

Ran wata Alhamis, kasuwar Shinkafi na ci, labari ya ɓulla cewa an tare hanya wajen Dauran. Wayoyin uku suka rikice a tare. Wannan na tambaya ya taso ko ya tsaya, wancan na neman ƙanensa, wani falke na ihu shanunsa na cikin mota rana na dukansu. Kulsumu na jin kukan Ummi daga tsakar gida, ƙirjinta ya cika har rigarta ta jiƙe, tana cewa bari ta gama da wannan. Can sai ta ji kukan ya ɗauke ɗif. Da ta samu kanta, bayan la’asar, ta fito da sauri, sai ta tarar da Nazifa zaune kan turmi, Fahad na barci a bayanta, Ummi kuma ta kama nononta tana zuƙa, ido a lumshe.

Kulsumu ta tsaya cak. Nazifa ta ɗago a tsorace ta ce wallahi Yaya, Hajiya ce ta ce a ba ta.

“Ni nac ce,” in ji Hajiya, ko juyowa ba ta yi ba daga tsintar wake. “Mu zura ido yunwa ta kashe ta? Nono dai nono na, kuma jini guda ne. Ke koma ga aikinki.”

A ranar ta so ta yi magana, kunya ta rufe mata baki. Ɗiyar fari ce, za a ce ba ta da ta ido. Ta karɓi yarinyar a ƙoshe, ta shige ɗaki ta tatse abin da ke ƙirjinta a kofi, ta zubar a bayan ɗaki tana kuka.

Abin da aka yi sau ɗaya don larura, washegari ya zama tsari. Waya na ƙara, Hajiya na ɗaga labule. Wani lokaci Ummi na tsakiyar sha za a zare ta, bakinta na ɗigar nono, a tsallaka da ita ɗakin can. Kaka ta kama, hatsi ya fito, motoci suka ƙaru, kira ya ninka. Kada ku ɗauka duk kiran na tsaron rai ne. A’a, mafi yawansu na farashin buhu ne, da mai facin da ya yi wa direba tsada, da falken da ke son a tuna masa ranar lodi, har da wanda zai kira don ya gwada ko katinsa ya shiga. Amma duk ranar da Kulsumu ta ce bari ta ƙarasa shayarwa, sai a tuna mata da ranar Dauran.

Abin da ya fi ci mata rai, Nazifa ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da an samu na zagi. Ita ce mai wanke wa Ummi jiki, mai shafa mata man kaɗe, mai sa mata kwalli. Ita ce ta fara ganin murmushinta, ta rugo da murna tana cewa Yaya zo ki gani, ta yi dariya. Kulsumu ta fito da waya a kunne, ta sunkuya tana kaɗa wa yarinyar yatsa, Ummi ta kalle ta kallon baƙuwa, ta mayar da ido kan Nazifa ta sake washe baki. Ranar Kulsumu ba ta ci tuwo ba. Ta fara tsanar muryar Nazifa, da tafiyarta, da turaren da take sawa, don shi take ji a jikin ɗiyarta in an dawo mata da ita. Takan cire wa yarinyar kaya ta sake wanke ta, wai ko ƙamshin zai fita.

Wata safiya ta ji Nazifa na yi wa Ummi kirari tana ce mata ’yar lelena. Ba ta san sanda ta fito ba, ta fizge yarinyar, ta ce wanda ke son ɗiya mace ya haifi tasa. Nazifa ta fashe da kuka. Kafin azahar maganar ta zaga dangi, kuma ba wanda ya tambayi mafarinta. Cewa aka yi Kulsumu ba ta da godiya, an taimake ta ta saka da cizo, ga rashin kunya a kan ɗiyar fari. Hajiya ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin mai kishi da faccala a kan jinjira ba. Aka sa Kulsumu ta je har ɗaki ta ba Nazifa haƙuri.

Ran Juma’a Hamisu yakan wuni a gida. Da ya shigo zai kashe wayar aljihunsa, ya ce kansa na sarawa da hayaniyar direbobi, kowa ya yi masa shiru ya huta. Shi ya san daɗin kashe waya, don ya san akwai mai riƙe masa guda uku a kunne. Kulsumu ta jira ya tashi daga barcin rana, ta kawo masa fura, ta zauna gefe ta roƙe shi. Ba ta ce a raba ta da aikin ba. Ta ce ya ɗauki wani ya riƙa karɓarta ko da daga azahar ne, ko ya gaya wa mutanensa akwai lokacin da ba a kira.

Ya yi dariya, ya ce bare ai kwashe masa fatake zai yi ya buɗe tasa harkar. Ya ce ita da ke zaune a inuwa ƙarƙashin fanka, wane aiki take yi, magana ce fa kawai. Ya ce ta tuna rayukan bayin Allah na hannunta, in wani ya faɗa hannun mutanen daji don ba ta ɗaga ba, me za ta ce wa Ubangiji.

“Yarinyar ba ta sanina, Maigida,” in ji Kulsumu. “Nonona ya fara ja baya.”

“To ba ga Nazifa ba? Ki gode wa Allah da Ya ba ki mai taya ki. Kaka ta wuce mu gani.”

Da ya dawo daga Shinkafi a makon ya kawo mata tsaraba, abin saƙalawa a kunne, wai don ta riƙa magana hannunta na sake, ta shayar tana aiki. Har Hajiya ya kira ta ga irin kulawar da yake yi wa iyalinsa. Kulsumu ta gwada. Amma mai magana da direban da ke tsakiyar kasuwar shanu dole ya ɗaga murya, da ta ɗaga kuwa Ummi za ta firgita ta saki nono ta canyara kuka. Yarinya ta koyi cewa wannan ƙirjin na hayaniya ne, wancan na barci.

Sau ɗaya ta yi taurin kai. Ummi ta kama nono da kyau, abin da aka daɗe ba a gani ba, sai ƙaramar wayar ta fara. Kulsumu ta danne ta da matashi, ta bar ta ta yi ta yi har ta gaji. Ashe wani direba ne, Mainasara, yana tashar Zurmi yana son a gaya masa wurin lodi. Da bai samu Ofis ba sai ya ɗauki kayan wani ya yi gaba. Ba wanda ya mutu, ba wanda aka tare, lodin albasa ne ya kwana a ƙasa. Amma Hamisu ya shigo gidan kamar zai tashi da rufin, ya ce ta zubar masa da mutunci a idon fatake. Hajiya ta yanke hukunci a tsaye: tunda goyo na hana aiki, a mayar da kayan Ummi ɗakin Nazifa har kaka ta wuce. Mubashir ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa ba da shi ake ba. Kulsumu na kallo aka kwashe ’yan riguna da bargo da kwandon wanka aka tsallaka da su.

Kaka ta wuce, aka shiga lodin albasar rani. Albasa ta ƙare, aka ce ga shanun sallah. Ummi ta yi wuya, ta fara zama, ta yi ɓul-ɓul abinta, duk wanda ya shigo sai ya ce tubarkalla, ya yaba wa Nazifa. Kulsumu kuwa ta rame, idanunta sun faɗa, kunnenta na dama ya fara yi mata ƙara ko ba waya. Takan tsaya bayan labule tana leƙen ɗiyarta kamar ɓarauniya. In Nazifa ta shiga wanka ta bar yaran kan tabarma, sai ta lallaɓa ta ɗauke ta. Ummi ba ta kuka nan take, takan dai sandare, ta riƙa waige tana neman ƙofar banɗaki.

Wata Juma’a, maza sun tafi masallaci, Kulsumu ta zauna ta dubi wayoyin nan uku a jere kan tabarma suna caji. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta danne har suka mutu, ta zare abin kunnen ta ajiye. Shirun da ya sauka a ɗakin har tsoro ya ba ta. Ta yi wanka, ta sa wankakkiyar riga, ta tsallaka ɗakin Nazifa ta ce a ba ta Ummi. Nazifa ta miƙo ta ba musu, har da cewa ba ta daɗe da tashi ba, yanzu za ta nemi sha. Kulsumu ta koma ɗakinta ta sa sakata.

Ta zauna bakin gado, ta rungume ta, ta yi bisimilla ta ba ta. Ummi ta kawar da kai. Ta juya ta ɗaya ɓangaren, ta matsa da yatsa, da ƙyar wani ɗan ɗigo ya fito, ta shafa mata a leɓe. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta turo harshe, ta sa tafin hannu ta ture ƙirjin. Kulsumu ta yi mata waƙa, ta yi mata rawa, ta kira ta da duk sunayen da ta tara a zuci ba ta taɓa samun faɗa ba. Ummi ta banƙare ta fara tsala kuka, tana miƙa hannu wajen ƙofa.

“Ni ce fa,” Kulsumu ke faɗa mata a hankali, hawaye na sauka kan fuskar yarinyar. “Ni na haife ki. Dube ni, na kashe su duka, ba mai kiranmu.”

Kukan ya ƙaru har numfashinta na sarƙewa. Nazifa na tsaye a waje tana cewa Yaya don Allah. Hajiya ta zo ta dinga dukan ƙofa. A haka maza suka dawo daga masallaci. Kulsumu ta daure iya daurewa, amma da ta ga leɓen yarinyar ya fara canza launi sai ta tashi ta zare sakatar.

Hajiya ta shigo tana haki, ta dube ta sama da ƙasa.

“Kashe ta za ki yi? Miƙa ta ga uwatta ta yi shiru.”

Ba da gayya ta faɗa ba, ko lura ba ta yi da abin da ya fito bakinta ba. Nazifa ce ta ji, ta sunkuyar da kai ta kasa miƙo hannu. Kulsumu da kanta ta taka ta ɗora mata yarinyar a ƙirji. Ko zama Nazifa ba ta yi ba kukan ya tsaya, sai ajiyar zuciya, ’yan yatsu sun damƙe wuyan rigarta.

A gidan nan ba a taɓa dukan Kulsumu ba, ba a taɓa hana ta abinci ba. In an kai ƙara gaban manya, Hamisu zai nuna sola da firji, Hajiya ta nuna jika mai ƙiba, Nazifa ta rantse ita taimako ta yi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ma’aikacin gwamnati na da lokacin tashi, ɗan dako na sauke buhu ya miƙe bayansa, shi kansa mai harkar yana da Juma’arsa. Ita kaɗai aka ɗaura wa aikin da ba a tashi, aka ce ba aiki ba ne don a ɗaki ake yinsa, aka biya ta da raba ta da ɗiyarta ana ce mata ta gode.

Hamisu bai tambayi abin da ya sa yarinya kuka ba. Tun a hanyar masallaci wani falke ya tare shi ya ce ya kira Ofis a kashe. Ya tsallake matan ya shiga ɗakin, ya tattaro wayoyin ya kunna su da kansa, ya zuba mata a cinya, ya ce ba ya son ya sake jin haka. Ko fita bai yi ba babbar ta ɗauki ƙara.

Ta kai kunne. Mainasara ne daga Zurmi, yau cikin raha yake. Ya ce Ofis ina aka shiga, ya gida, ya kuma ’yar jaririyar nan da yakan ji kukanta a waya, kwana biyu bai ji ta ba.

Kulsumu ta dubi ƙofar ɗakin can, an riga an saki labule.

“Lafiya lau take,” ta ce. “Tana wurin uwatta. Ina za ka yi lodi?”